Motar da Ake Harhaɗawa a Kan Tebur

Kwalin bai fi na takalmi girma ba. A murfinsa an zana mota tana ɗaukar ido, amma in ka buɗe ba motar za ka gani ba. Firamomin roba ne guda biyar ko shida, kowanne da ƙananan abubuwa a maƙale kamar 'ya'yan kanya a reshe. Ga sitiyarin da bai kai kwabo faɗi ba, ga lagireto kamar farcen babban yatsa, ga baƙaƙen tayoyi huɗu a leda, gilasai kuma a tasu ledar don kada su karce. Bodin fari fat, ko ɗigon fenti babu. Sai takarda mai zane da ke nuna inda kowane yanki zai zauna, kowanne da lambarsa, kuma sau da yawa yankunan sun haura ɗari. Yawanci gam da fenti daban ake saye. Da wannan tarkacen ne magidanci mai furfura a Osaka ko Detroit zai shafe wata biyu yana zama bayan an tashi daga aiki, har ya fito da motar da in an ɗauke ta hoto daga kusa za ka rantse ta hawa ce.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani kan daɗin wannan aiki ba. Da kaka, yaro zai ɓare kara, ya ware sille da totuwa, ya ƙera gingimari har da kai da bodi, ya yanko taya daga tsohon silifas. Wani da gwangwanin madara yake yin tasa, wani da waya. Yaron da ido yake awo, kuma shi ke ƙirƙirar kayan aikinsa, abin da mai sayen kwali ba zai iya bugun ƙirji da shi ba. Abin da kwali ya fi shi da shi guda ne, wato lissafi.

A gefen kowane kwali akwai lamba irin 1:24. Ma'anarta duk abin da ke jikin motar gaske an raba tsawonsa gida 24 an ɗauki ɗaya. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita huɗu da rabi. A wannan ma'auni za ta dawo santimita 19, ƙasa da taƙi guda na babban mutum. A 1:43, ma'aunin da masu tara motocin ƙarfe suka fi so a Turai, ba za ta wuce santimita 10 da ɗan ɗoriya ba. Amurkawa sun saba da 1:25, Japanawa da Turawa 1:24, motocin tsere na Formula 1 kuwa an fi yin su a 1:20 da 1:12. Wannan lissafi shi ne tushen wahalar aikin, domin yadda aka rage mota sau 24, haka kowane kuskure yake ninkuwa sau 24. Ƙwayar ƙura mai rabin milimita da ta zauna a kan fenti daidai take da tsakuwa mai milimita 12 a kan bonet ɗin motar gaske. Ɗigon gam a gilas kuwa tamkar an watsa ludayin koko ne a gaban direba.

Ga wasu manyan kamfanoni, abin ba daga wasan yara ya faro ba, daga talla ya faro. A 1949 kamfanin Airfix na Ingila, wanda wani ɗan Hungary mai suna Nicholas Kove ya kafa, ya yi wa kamfanin Ferguson ƙaramar tarakta ta roba don masu tallarsa su riƙa nuna wa manoma. Daga baya aka ga in an sayar da ita a warwatse ta fi arha, mai saye ya haɗa da kansa. A Amurka ma haka: kamfanin AMT da aka kafa a jihar Michigan a 1948 yana yi wa dillalan mota ƙananan samfurori na sababbin motocin shekara, a ajiye a kanti ko a miƙa wa ɗan mai ciniki. A 1958 ya fara zuba su a kwali ba a haɗe ba, tare da ƙarin kayan da za su ba ka zaɓi uku: ka yi ta yadda ta fito daga masana'anta, ko ka ƙawata ta, ko ka mai da ita motar tsere. Yaran Amurka suka yi caa a kai, kuma shekarun 1960 su ne ganiyar kasuwar.

Amma in ana maganar ƙwarewa a yau, yawancin masu wannan sha'awa Shizuoka za su nuna maka, wani birni a Japan da ya daɗe da suna wajen aikin katako. Can da kewayensa ne kamfanonin Tamiya da Hasegawa da Aoshima suke, can kuma ake yin babban baje kolin sana'ar duk watan Mayu. Yoshio Tamiya da injin yanka katako ya fara a 1946, ya shiga yin samfurori na itace, sai wajen 1960 kamfanin ya koma roba. Ɗansa Shunsaku shi ne ya kai abin ƙurewa. Da za su yi Porsche 934 a ma'aunin 1:12, wadda ta fito a 1976, hoto da awo ba su ishe shi ba, sai ya sayi Porsche 911 ta gaske aka kwance ta kaf, aka auna kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ana ba da labarin cewa da aka zo mayarwa sai abu ya gagara, dole aka nemo makanikan Porsche.

Mutanen Kaduna na wancan zamani sun san irin wannan kwali, sai dai nasu ƙato ne. Daga 1975 Fijo 504 a warwatse ta riƙa zuwa daga Faransa, a harhaɗa ta a Kakuri. Mota ce a akwati, da lamba a kan kowane yanki.

Yadda ake yin yankunan kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyum ya ga asalinsa. Ana narka roba a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, ta bi ta ƙananan hanyoyi ta cika ramuka. Hanyoyin nan su ne suke daskarewa su zama firam. Inda ɓarin biyu suka haɗu kuma sai a sami siririn layi a jikin kowane yanki, kuma da shi ake gane sabon hannu: gwani zai kankare shi da bayan reza ya bi da samfefa, ɗan koyo zai fente shi a haka. Gam ɗin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Ba manna roba yake yi ba, narka fuskokin biyu yake su zama abu guda, kamar walda. Shi ya sa ba ya kama wurin da ke da fenti ko ruwan azurfa sai an kankare, shi ya sa kuma in ya zubo a yatsanka ka taɓa bodi, zanen yatsan ya zauna ke nan. Sufa gulu kuwa tiririnsa yana sa gilas ya yi fari kamar yanar ido, don haka gilasai da farin gam irin na kafintoci ake sa su.

Fenti shi ne inda ake raba raini. Sai an wanke bodi da sabulu, an cike ramuka da fila kamar yadda mai gyaran bodi yake yi, an fesa fentin shimfiɗa, sannan a riƙa bin launi sama-sama, shafi uku ko huɗu, ana jira tsakani. Mai gaggawa ya fesa da kauri, fenti ya yi hawaye. Wanda ya tsaya nesa da yawa, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, jiki ya fito kamar ɓawon lemo. In ka ɗora fenti mai zafin tina a kan mai sanyi, na ƙasa ya yamutse. Ni kam hunturu ne ya koya mini nawa darasin. Na fesa jan fenti a tsakar gida da hantsi, ya kwanta luf gwanin kyau, na shiga ɗaki ɗauko ruwa. Kafin in fito ya zama kamar an barbaɗa masa garin kuka. Tun daga ranar, da na fesa sai in kifa roba mai tsabta a kai, in kuma yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani. Gam da tina na wannan aiki 'yan gida ɗaya ne da sholisho. A Amurka ta shekarun 1960 shaƙar gam ɗin haɗa samfurori ta zama abin damuwa, har jihohi da dama suka taƙaita sayar da shi ga yara. A yi aikin inda iska ke ratsawa, nesa da wuta, a rufe kwalba da an ɗiba, a kuma kawar da reza da ƙananan yankuna daga inda mai rarrafe zai kai hannu.

Masu wannan sha'awa kashi biyu ne, kuma sun daɗe suna tsokanar juna. Akwai mai haɗawa, akwai mai tarawa. Mai tarawa yana neman kwalin da aka daina yi, wanda ledarsa ba a taɓa farkewa ba, domin da an buɗe daraja ta faɗi. Wasu kwalayen kuma doka ce ta sa suka yi tsada: tun da aka matsa wa tallar taba, samfuran motocin McLaren na tsere suke fitowa babu tambarin tabar Marlboro da aka san su da shi, don haka tsofaffin da ke da shi ake rububi. Sai dai ajiya ma tana da nata ciwo. Takardar tambura, wadda ake jiƙawa a ruwa a zame ta kan bodi, tana yin ja ta farfashe in ta daɗe. Tayoyin wasu tsofaffin kwalaye suna cin duk robar da suka jingina da ita. Zafi kuwa ba ya wasa da bodi, kuma wanda ya bar kwali a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu zai iya tarar da rufin motarsa ya karkace.

Ni dai ina bayan mai haɗawa, ko da aikinsa bai fito tas ba. Kwalin da ke rufe ba ya nuna wa kowa komai, amma wanda ya manna injin ɗan yatsa da hannunsa ya san inda kafireto yake zama, ya san ta ina salansa ta bi ta fita, ya san abin da ya sa injin Porsche 911 yake bayan tayoyin baya, na Fijo kuwa a gaba. Wasu har ba sa son mota mai sheƙi. Sukan gama ta su bi ta da tsatsa ta fenti, su lotsa ƙofa da ɗumin wuta, su shafa garin alli mai ruwan ƙasa a gindin taya, su bar sawun waifa a gilas mai ƙura. Wannan ya fi fenti mai santsi wuya, domin sai ka san inda ruwa yake kwanciya a jikin mota, da inda hannun direba yake cinye launin sitiyari. Mai son koyon wannan a ƙasar Hausa ba shi da matsalar abin kwaikwayo: ya je tashar Dawanau ranar da ake lodin hatsi, ya zauna kusa da wata tsohuwar akori-kura, ya dubi yadda jar ƙasa ta hau ta daga ƙasa zuwa sama, da inda igiya ta goge fentin bodi har ƙarfe ya fito.