Shirin Musamman: Amanar Wa ke Wuyan Mai Agajin Gaggawa a Sharaɗa, Challawa da Bompai?

 Yau za mu leƙa unguwannin masana'antu na Kano: Bompai da ta riga sauran kafuwa, da Sharaɗa mai rukuni uku, da Challawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso, inda majemu suka fi yawa. A waɗannan wurare dubban mutane ke yini, wasu ma su kwana, tsakanin injin niƙa da na narka roba da tukunyar tururi da ramukan sinadarin jima. Duk ranar da inji ya kama hannu, ko wutar lantarki ta ja mutum, ko wani ya yanke jiki ya faɗi a bakin kwatami, da wuya likita ya zama na farkon isa kansa. Yawanci ma'aikacin ɗakin shan magani na kamfani ne, ko wanda aka damƙa wa akwatin agajin farko, ko ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, ko jami'in kashe gobara. Abin da nake son kafawa a wannan shiri shi ne: daga lokacin da wannan mutum ya durƙusa ya ɗora hannu a kan wanda ya ji rauni, amanar majinyacin ce a wuyansa. Ta sha gaban ta mai biyansa albashi, ta sha gaban tsoron ɗan sanda da surutun 'yan kallo.

Mu fara da doka, don kada a ce ra'ayi ne kawai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 20, ta haramta wa duk ma'aikacin lafiya da duk cibiyar lafiya hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa masa duka biyun. A ƙarshen 2017 kuma aka sa hannu a dokar da ta wajabta kula da wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Abin da ta nema shi ne asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. To idan wanda ya zo da harsashi a jiki ba a jiran takarda a kansa, ina ga lebura da bel ɗin inji ya fizge wa hannu? A masana'anta jinkirin yakan zo da wata siffa. Sai ka ji an ce a dakata manaja ya zo, ko sai an sa hannu a takardar fita geti, ko motar kamfani ta tafi kai kaya. Jiki kuwa ba ya jiran sa hannu. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba tare da iska ba, kuma babbar jijiya idan ta yanke, jini na iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintoci. Daga Challawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ta cunkoson hanyar Panshekara, tafiya ce mai cin lokaci ko da ba a tsaya jiran kowa ba. Ma'aikacin agajin da ya yarda aka ƙara wa wannan tafiya rabin awa don neman izini, da hannunsa a abin da ya biyo baya.

Sai dai gaggawa ba lasisin yin komai ba ce, kuma nan ne ake bambanta wanda ya koyi aiki da mai kyakkyawar niyya kawai. A majema ana cire gashin fata da sinadarin salfaid. Idan ruwansa ya gamu da asid a rami, sai ya saki wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka take kwanciya a ƙasan rami. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. A majemun duniya an sha ganin mutum ɗaya ya faɗi a rami, na biyu ya shiga ceto ya faɗi, na uku ya bi. Ƙa'idar farko ta aikin agaji ita ce ka tabbatar wurin ba zai kayar da kai ba, ko da jama'a na ihu suna cewa ka ji tsoro. Haka nan wajibin mai agaji ne ya hana a ɗura wa sumamme madara ko manja, don za su bi hanyar iska su sauka a huhu. Ya hana a shafa wa ƙuna ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Ƙunar sinadari ruwa mai gudana take so, aƙalla minti 20. Wanda ya faɗo daga sama kada a naɗe shi a cusa a A Daidaita Sahu, domin karayar ƙashin baya da ba ta taɓa laka ba tana iya taɓa ta a hannun masu ɗauka. Yatsan da ya guntule a naɗe shi da tsaftataccen ƙyalle mai danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai shi. Abin da kuma bai koya ba, kamar ɗinki ko allurar da ba huruminsa ba, ya bar wa masu shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san aikin ba, lamunin ɓarnar na kansa. Kotu ma haka take kallon sakaci.

Idan masu raunin suka yi yawa, kamar gobarar tankar mai da ta jikkata gomman mutane a wani gidan mai a Sharaɗa cikin watan Mayun 2021, adalcin aikin shi ne a fara da wanda ransa ya fi shiga haɗari kuma ake iya cetowa. Mai ƙarfin kuka sau da yawa yana numfashi lafiya. Wanda ya yi shiru shi ne abin dubawa. Muƙami ko sanayya ba sa cikin lissafi.

Yanzu ga inda nake ganin amanar ta fi fuskantar jarrabawa, wato alƙalami. Bayan an tsayar da jini an kai asibiti, akwai littafin da ake rubuta abin da ya faru, kuma wannan rubutu shi ne abincin iyalin mai rauni na shekaru masu zuwa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kowane mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF. Ma'aikacin da ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da kamfani cikin kwana 14. Kamfani ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara guda. Dokar ba ta tambayar laifin wa, kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, wato har leburan da ake tara a bakin geti da safe a sallame su da yamma. Dokar Masana'antu ta 1987 ita ma ta ce duk haɗarin da ya ci rai, ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku, a sanar da sufeton masana'antu. Duk wannan gini a kan layi biyu ko uku yake tsaye, waɗanda mai agajin farko ya rubuta: ƙarfe nawa, a wane sashe, wane inji, wane sinadari, me aka tarar, me aka yi. Idan ya rubuta cewa mutum ya ji ciwo a gida, alhali inji ne ya cinye masa yatsu uku, ko ya rubuta zazzaɓi a inda aka shaƙi guba, ko ya bar shafin babu komai, ya raba magidanci da haƙƙinsa. Ya kuma ɓatar da likitan da zai karɓi majinyacin, don maganin wanda ya shaƙi sinadari ya dogara ga sanin sunan sinadarin. Ya kuma bar injin yadda yake, yana jiran hannu na gaba.

Na san abin da wani ma'aikacin ɗakin shan magani zai ce yana saurarenmu yanzu: Malam, kai kana gidan rediyo ne; ni kamfani ke biyana, ina da iyali, ranar da na rubuta abin da ba a so, washegari wani ne a kujerata. Wannan magana ce mai nauyi, ba ta rainawa ba ce. Wanda ya tuna watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Challawa bayan an hana su fita tsawon watanni, ya san irin ƙarfin da mai kamfani ke iya samu a kan na ƙasa da shi idan geti ya rufe. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, umarnin ubangida ba ya wanke mutum a gaban shari'a. Sunan da ke ƙasan rubutun ƙarya na ma'aikacin ne, kuma idan magana ta tashi, rajistarsa ta aiki ce za ta fara salwanta, wanda ya sa shi kuwa yana iya cewa bai san zancen ba. Na biyu, an shirya dokar diyyar ne yadda kamfanin da ke zuba kasonsa ba shi da abin ɓoyewa, tunda asusun ne zai biya. Kamfanin da ke matsa wa ma'aikacinsa ya sauya labari, akasari wani abin yake karewa: ko bai yi rajistar ma'aikatan ba, ko an cire murfin kariyar inji don aiki ya yi sauri. Rufa wannan asiri ba biyayya ba ce da ta hau kan kowa.

Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na majinyaci. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ya sa duk bayanin lafiyar mutum ya zama sirri, sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda wata doka ta buƙata, ko inda ɓoyewar za ta cutar da lafiyar jama'a. Kamfani na da haƙƙin sanin raunin da aka ji a bakin aiki da kwanakin hutun da ake buƙata. Ba shi da haƙƙin jin cewa wane na da farfaɗiya ko wance na da juna biyu daga bakin mai agaji, domin irin wannan labari ne ke komawa takardar sallama. Ɗaukar hoton mai rauni a watsa a WhatsApp ko Facebook kuwa, har uwa ta ga ɗanta cikin jini a waya kafin a zo mata da labari, wannan cin mutunci ne, kuma ya fi muni idan daga wayar mai kayan asibiti ya fito. Mata da yawa na aiki a kamfanonin roba da na kayan abinci. Larura ta halatta namiji ya ceci mace, kada a bar ta tana zubar da jini ana neman mace. Amma a kori 'yan kallo, a yi mata shamaki da zane, a buɗe iya inda aiki ya buƙata.

Akwai kuma wanda yake cikin hayyacinsa ya ce shi ba za a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ba, gida za shi wajen mai ɗori, don yana tsoron a yanke masa ƙafa. Baligi mai hankali na da ikon ƙin magani, ba a ɗaure shi a jefa a mota. Sai dai sashe na 23 na Dokar Lafiya ya ce a yi masa bayani da harshen da yake ji, daidai fahimtarsa. Wato a gaya masa da Hausa cewa karayar da ƙashi ya huda fata ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga, kuma ɗaurin da ya matse jijiya shi ke jawo yankewar da yake gudu. Idan ya dage, a rubuta, a sa shaida. Abin da bai halatta ba shi ne a yi amfani da tsoronsa, a ba shi 'yan kuɗin mota a lallaɓa shi ya tafi don kada sunan kamfani ya shiga littafin asibiti. Wanda ya suma kuwa ba a jiran izinin kowa a kansa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne mafi gaskiya: me doka za ta yi wa mutumin da ba safar hannu, ba tukunyar iska, motarsa ba mai? Ba a tuhumar mutum kan abin da ba shi da iko a kai, kuma a nan nauyin ya koma sama. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko don jinyar gaggawa, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin NEMSAS, mai ɗaukar nauyin awa 48 na farko na jinyar gaggawa, ga kuma lambar kira ta 112. Dokar Masana'antu ta wajabta akwatin agajin farko a hannun wani da aka ɗora wa alhakinsa, a ƙara wani akwatin ga duk ƙarin ma'aikata 150. Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa buɗe akwatin nan su ga abin da ke ciki, su kuma tambayi mai riƙe da shi inda ya yi horo. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya tana da reshen Sharaɗa da Challawa, tana da na Bompai. A ganina babu abin da zai hana kowane reshe ya haɗa kuɗi ya ajiye mota guda mai cikakken kaya a tsakiyar unguwarsa, dare da rana, da ma'aikatan da suka san ƙunar sinadari da shaƙar guba, waɗanda albashinsu daga asusun haɗaka zai fito, rahotonsu kuma ya tafi asibiti da hukumar NSITF kai tsaye. Ma'aikacin da babu manaja ɗaya da zai iya korarsa zai shiga geti ba tare da jiran takarda ba, ya rubuta sunan injin da lokacin da abin ya faru, ya ba mai raunin kwafinsa.