Tambayar da ɗalibata ta yi mini a Garwa kan zuciyar mace a sararin samaniya

Ranar Talata ina koyar da darasin duniyoyi a ajina nan Garwa, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, in mace ta je duniyar wata, lafiya ƙalau za ta dawo?" Yara maza suka tuntsire da dariya. Na ce su yi shiru, tambaya ce ta manya.

Duniyarmu tana da garkuwar maganaɗisu da iska mai kauri da ke tare radiyeshon, wato haskoki masu ƙarfi daga rana da taurari. Wanda ya wuce wannan garkuwa, haskokin suna ratsa jikinsa, suna iya raunana cikin jijiyoyin jini, su sa su yi tauri. Daga nan ciwon zuciya kan faro.

Mutum 24 da Amurka ta tura wata tsakanin 1968 da 1972 duk maza ne. A 2016 mai bincike Michael Delp ya duba bakwai daga cikinsu da suka mutu, ya tarar uku ciwon zuciya da jijiyoyi ne ajalinsu. Bakwai ai kaɗan ne, kuma ko mace ɗaya babu.

Jikin mace kuwa daban yake. Sinadarin istrojin yana kare jijiyoyinta kafin al'ada ta ɗauke, amma mama da ƙwan mahaifa sun fi saurin cutuwa da radiyeshon. Shi ya sa a 2022 kumbon Artemis I ya zagaya wata ɗauke da mutum-mutumi biyu masu siffar mata, Helga da Zohar, cike da na'urorin awo.

To, mu me ya shafe mu? Radiyeshon ɗin da ake gasa sankarar mama da shi ma yana taɓa zuciya. Binciken Sarah Darby na 2013 ya nuna haɗarin ya fi yawa in maman hagu aka gasa, saboda zuciya tana kusa. Matanmu da ke zuwa Duwala don gashi kada su guji magani, yana ceton rai. Amma bayan sun dawo, a riƙa auna musu hawan jini, a duba zuciyarsu, ko bayan shekaru.

Da na gama bayani, ɗalibar ta ce innarta ma an yi mata gashi bara. Na ce, "To, yau ki kai mata wannan saƙon."