Yadda Aka Buɗe Makarantun Kimiyya Na Dawakin Tofa Da Dawakin Kudu

Duk uban da ke Karaye ko Rogo da ɗansa ya kai aji uku na ƙaramar sakandare, ya san jarrabawar shiga makarantun kimiyya. Amma ba kowa ya san yadda makarantun suka samo asali ba.

A shekarar 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, lokacin Jigawa tana cikinta. Jama'a ga su nan kamar ƙasa, amma likita ko injiniya ɗan jiha sai an tona. Ana gina asibitoci da madatsun ruwa irin na Tiga, masu gudanar da aikin kuwa galibi baƙi ne. Sakandarorin da ake da su ba sa fitar da isassun ɗaliban da suka ci lissafi da kimiyya, balle su samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

A 1977, zamanin gwamnan soja Kanar Sani Bello, gwamnati ta kafa hukuma ta musamman don makarantun kimiyya. Ba a tsaya jiran sabon gini ba. Sakandarori biyu da ke nan aka ɗauka, ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, aka mayar da su makarantun kwana na kimiyya zalla, na maza. Yaro sai ya gama aji biyu na sakandare a makarantarsu, sannan ya zauna jarrabawa. In ya ci, ya yi shekara uku a can. Aka gyara ɗakunan gwaje-gwaje, aka ɗauko malamai har daga ƙasashen waje. Rukunin farko ya fita a 1980.

Shirin ya sha suka. Wasu suka ce an ware 'yan lele ana kashe musu kuɗin jama'a. Shugabannin sauran makarantu kuma suka koka cewa ana kwashe musu haziƙan ɗalibai, a bar su da ragowa. Wannan kukan yana da gaskiyarsa, ba na musun haka. Sai dai zancen 'yan lele bai kama ni ba, domin ƙofar jarrabawa ce. Ɗan manomin da ya taso a ƙauyen Rogo, in kansa yana ja, gado ɗaya da kwano ɗaya yake samu da ɗan attajirin Fagge.

Mata sun jira shekara huɗu. Sai a 1981 aka buɗe tasu a Taura, wadda ta faɗa Jigawa bayan rabuwar 1991. Jinkirin ya yi wa jihar tsada, ganin yadda mata a karkara suka fi sakin jiki da likita mace.

Yau tsarin ya sauya: bayan aji uku na ƙaramar sakandare ake shiga, kuma hukumar ta haɗa har da makarantun fasaha. Saboda haka yaron Karaye ko Rogo mai son likitanci, tun daga aji ɗaya ya kamata a sa ido a kan lissafinsa da Turancinsa.