Hawan duwatsun ƙanƙara na yini guda: kafin ka bi abokai

Ranar Asabar 9 ga Maris 2024, mutum shida suka tashi daga garin Zermatt na ƙasar Suwizalan a kan katakon zamiya, da niyyar su tsallake duwatsu su isa ƙauyen Arolla kafin dare. Biyar daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su kusa da dutsen Tête Blanche, a tsawon kusan mita 3,500. Sun samu sun kira neman agaji, amma iska ta hana jirage masu saukar ungulu tashi. Washegari da dare aka tarar da gawarwakin biyar, ta shidar kuwa sai bayan watanni.

Irin wannan tafiya ta bambanta da zamiyar da muke gani a talabijin. A wurin shaƙatawa akwai na'urar da ke ɗaukar mutane zuwa sama, hanyoyin a share suke, ga kuma ma'aikatan ceto. Masu fita bayan gari kuwa da ƙafarsu suke hawa. Suna manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin katakon don kada ya ja su baya, in sun kai ƙololuwa su cire shi su gangaro ta inda babu wanda ya share. Da yake 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai da Kanada suna samun gayyatar abokai zuwa irin wannan yawo, ya kamata a san abin da ke ciki.

Babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ke kashe kusan mutum 100 duk shekara a duwatsun Alps. Dusar tana kwanciya ne hawa-hawa kamar tabarmi, wani hawa da ƙarfi, wani ruɓus. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya mai raunin da ke ƙasa, sai falan da ke sama ya tsage ya taho gaba ɗaya. An fi samun haka a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangaren da ya fi daɗin zamiya. Cikin kowane haɗari goma, wajen tara wanda abin ya rutsa da shi ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da zaftarewar.

Wanda dusa ta binne ba zai iya tono kansa ba, domin tana tsayawa take daskarewa kamar siminti. In an ciro shi cikin minti 15, kusan tara cikin goma suna rayuwa. In aka kai minti 35, bai fi uku cikin goma ba, saboda numfashi ya ƙare. Yarima Friso na ƙasar Holan ya shafe fiye da minti 20 a binne a Lech ta Ostiriya cikin Fabrairun 2012, bai ƙara farfaɗowa sosai ba har ya rasu a Agustan 2013. Ke nan abokan tafiyarka ne masu cetonka, jirgi kan iso a makare. Shi ya sa dole kowa ya rataya na'urar da ke aika sigina don a gano inda yake, ya riƙe doguwar sandar caka dusa da shebur, kuma ya koyi aiki da su tun a gida.

Tun 1993 ƙasashen Turai ke auna haɗarin zaftarewar dusa da mataki biyar. A Suwizalan cibiyar SLF da ke Davos ce ke fitar da sanarwa kullum a lokacin hunturu. A kula da mataki na uku, domin a nan aka fi mutuwa: mutane na ganin lambar a tsakiya take, sai su saki jiki.

Sauran shirin ba shi da wuya. A duba hasashen yanayi da daddare, a sake dubawa da asuba. A fita da sassafe, domin ranar bazara tana sassauta dusa da hantsi. A tsayar da lokacin juyowa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A ɗauki riga mai kauri da abinci da ruwan zafi kamar za a kwana, da tabarau mai duhu, don hasken dusa yana ƙona ido. A gaya wa wani hanyar da za a bi. Lambar gaggawa a Turai 112 ce, ta masu ceto ta sama a Suwizalan kuma 1414.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. In ba ka taɓa yi ba, fara koyo a wurin shaƙatawa, sannan ka nemi ja-gora mai lasisi. In kuwa ja-gora ya ce a juya, ka juya ba gardama, ko da saura ƙiris a kai.