AMSAR TAKARDUNKU: Ɗakin Ajiya Ya Cika, Ina Za A Zuba Amfanin Bana?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a yankin Funtuwa. Ya ce masara da wake sun iso gida, amma ɗakin ajiyarsa ya cika maƙil, har ya jibge wasu buhunan a ɗakin da yara ke kwana. Yana tambaya, shin sai ya gina wani ɗaki ne, ko kuwa akwai dabara?

To Malam, kafin ka kira magini, fara shiga ɗakin nan ka duba abin da ya cika shi. Galibi tarkace ne suka cinye rabin wurin: karyayyar garma, mataccen keke, yagaggun buhuna, fasasshiyar randa. Fito da komai tsakar gida ka kasa shi uku. Abin da ake amfani da shi ya koma ciki. Abin da zai gyaru a kai wa maƙeri ko bakanike cikin makon nan. Ƙarfe da roba kuwa a sayar wa 'yan gwangwan, ka ga an sami kuɗin cefane.

Wannan shara tana da dalili babba, domin tarkace gidan ɓera ne. Ɓera ya ci hatsinka, ya kuma bar fitsari da kashi a ciki, ta nan ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. An fara gano wannan cuta a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma ta fi yaɗuwa da rani, daidai lokacin da ɗakunan ajiya ke cike. Haka nan ragowar hatsin bara da ya maƙale a lungu, nan ƙwari ke ɓuya su jira sabo. Saboda haka a share ɗaki tas, a toshe ramuka, a duba rufi ko yana yoyo.

Sai batun jeri. Kada buhu ya taɓa ƙasa. A ɗora katako a kan bulo ko duwatsu, kamar dai yadda iyayenmu ke ɗora rumbu a kan duwatsu don gudun laima da gara. A bar aƙalla kamu ɗaya tsakanin buhuna da bango, yadda mutum zai zagaya ya duba. A sarƙe jerin kamar ginin bulo, wannan layi a miƙe, na samansa a gicciye. Ta haka zai yi tsawo bai rushe ba, kuma buhu 20 ba zai ci wurin da ya saba ci ba. Tsohon hatsi a bakin ƙofa, sabo a ƙurya, don a fara ci ko sayar da tsohon.

Bango da sama ma wuri ne. Fartanya, lauje da igiya a rataye su a ƙusa. Uwargida kuma ta ɗaura ragaya ta jera ƙorai da kwanoni.

Amma fa kada ka jera abin da bai bushe ba. Zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a kwalba mai tsabta marar laima, ka rufe, ka girgiza sosai, ka bar shi ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Masara ko gyaɗa mai laima tana yin funfuna, funfunar nan kuwa na iya haifar da guba mai lalata hanta.

Wake kuma, nemi buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce a ciki, buhu ɗaya a waje. A ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Sai dai a kiyaye shi daga ɓera da duk abin da zai huda ledar.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: taki, maganin feshi da fetur ba sa zama ɗaki ɗaya da abinci. Ƙwayar fostoksin da ake jefawa cikin hatsi tana fitar da iska mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana ko mai jingine da shi. Malam, in ka sa wa buhunan ɗakin yaran nan wannan ƙwaya, fitar da yaran yau, kada a kai gobe.

Mai tambaya kan noma ko kasuwanci ya rubuto mana. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.