Kafin ka ɗora hoton dashen bishiya, tambayi tarihin filin

Duk damina sai ka ga Facebook da TikTok sun cika da hotuna: matasa sun jeru, kowa riƙe da ɗan tsiro a leda, ana ta murmushi. Abin a yaba ne, ba musu. Amma tsakani da Allah, mutum nawa ne ke komawa wurin a watan Afrilu, lokacin da rana ke gasa ƙasa, su ƙirga guda nawa suka rayu?

Masu binciken dazuzzukan yankuna masu zafi sun gano abubuwa biyu da ke yanke hukunci kan farfaɗowar daji: yawan ruwan da wurin ke samu, da abin da aka yi wa ƙasar a baya.

Mu fara da ruwa. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2016 ya bi diddigin dazuzzukan da suka sake tsirowa da kansu a wurare 45 na Latin Amurka. Bayan shekara 20, wani wurin ya tara itace kusan tan 225 a hekta guda, wani kuwa tan 20 kacal. Samun ruwa na cikin manyan dalilan wannan tazara.

Sai tarihin fili. A Paragominas da ke dajin Amazon na Brazil, an duba filayen kiwon da aka yi watsi da su. Inda aka ɗan yi kiwo aka tashi, daji ya dawo da sauri, domin saiwoyi da iri na nan a ƙasa. Inda aka sa katafila ta kankare komai kuwa, shekaru suka wuce ciyawa ce ke mulki.

Maƙwabtanmu na Maraɗi a Nijar sun ga irin wannan. An sha dasa itatuwa suna mutuwa, har a 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sassabe ba ciyayi ba ne, tohon kututturen bishiyoyi ne masu rai. Manoma suka koma barin reshe mafi ƙarfi, suna rage sauran, suna kare shi daga awaki. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5, galibi ba tare da dashe ba.

To, kafin ƙungiyarku ta tara kuɗin tsiro, ku zauna da dattawan garin. Wace bishiya ce a nan da? Gawo, kuka ko ɗorawa? Akwai sauran kututture? In akwai, kare shi ya fi arha. In ƙasar ta mutu, sai an fara da tare ruwa da zuba taki, sannan a zaɓi irin da ke jure fari. Hoton kuma, a bari sai bayan rani biyu a ɗauka.