Jami'in Walwalar Majinyata: Aikin da Arewa Ba Ta Gama Sanin Darajarsa Ba

Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti ya san likita, ya san ma'aikaciyar jinya, ya kuma san tagar da ake biyan kuɗi. Kaɗan ne suka san akwai sashen walwalar majinyata, waɗanda suka san shi ɗin ma sun ɗauke shi wurin da ake tura wanda guzurinsa ya ƙare. A matsayina na mai koyar da wannan fanni a jami'a, ina ganin wannan gurguwar fahimta ce ta sa 'ya'yanmu ke gudun aikin, majinyatanmu kuma su ke kwana a ciki.

Gaskiya ne da batun kuɗi aikin ya faro. A shekarar 1895 wani asibiti a Landan mai suna Royal Free ya ɗauki Mary Stewart domin ta tantance wanda ya cancanci magani kyauta. Amma a 1905, a birnin Boston na Amurka, Dakta Richard Cabot ya faɗaɗa aikin bayan ya lura cewa majinyata na ta komowa da ciwon da aka sallame su a kansa, saboda halin da suke ciki a gida bai ba su damar bin umarnin likita ba. A Nijeriya kuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, shi ne ya share fage.

Abin da Cabot ya gani shi muke gani a yau. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasar nan, amma sai an yi wata shida ana shan sa ba fashi. Magidancin da ya ji sauƙi a wata na biyu, ga kuɗin mota, ga cefane, ga tsoron kada maƙwabta su ƙaurace masa, yakan ajiye maganin, cutar kuma ta dawo da ƙarfin da maganin farko ba ya iya kawar da ita. Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina tana buƙatar wanda zai zauna da mijinta da danginsa, ya fahimtar da su cewa sai ta huta na tsawon watanni, kuma haihuwar gaba a asibiti za a yi ta. Wanda ya samu sauƙi a asibitin masu taɓin hankali na Barnawa yana buƙatar iyalin da za su karɓe shi hannu bibbiyu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da allura ke warwarewa, kuma likitan da layi ke jiran sa ba shi da sukunin bin su. Aikin jami'in walwala ke nan: binciken halin da majinyaci ke ciki, ba shi shawara, sasanta shi da iyalinsa, shirya sallamarsa da bibiyarsa bayan ya koma gida.

A Unguwar Dosa inda nake zaune, da zarar an kwantar da wani a asibitin Kawo ko na Barau Dikko, za ka ga an yi shela a masallaci bayan sallar isha'i, mata sun ba iyalinsa kwasar adashi, matasa sun yi karo-karo ta WhatsApp. Wannan hali ne abin alfahari, sai dai yawanci makon farko yake ɗauka. Mai ciwon ƙoda da ake wa wankin jini, ko yaro mai sikila, jinyarsu ta shekaru ce. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun jama'a, tausayi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da tsari. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, Jihar Kaduna ma tana da hukumarta ta KADCHMA, ga kuma zakka da waƙafi. To, wa zai tantance mabuƙaci na gaskiya, ya sada shi da waɗannan ƙofofi ba tare da an tozarta shi ba? Wanda aka horar domin haka.

A nan ne batun koyarwa ya shigo. A watan Disambar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da wannan sana'a, wadda za ta riƙa yi wa ma'aikata rajista tare da sa ido a kan horon da ake ba su. Jami'o'i irin na Ibadan da Nsukka sun daɗe da sassa masu zaman kansu a fannin, alhali a nan Arewa da yawa daga cikin masu aikin ta ƙofar ilimin zamantakewa suka shigo. Fannonin biyu 'yan uwa ne, amma kowanne da aikinsa: ɗaya nazarin al'umma yake yi, ɗayan kuwa zama yake da mutum guda a ranar da duniya ta yi masa zafi. Idan jami'o'inmu ba su yunƙura ba, za a wayi gari doka ta buƙaci masu rajista, mu kuma ba mu da su.

Kuma wannan ba aiki ba ne da za a yi ta bakin tafinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dole jami'i ya san cewa a gidaje da yawa mace ba za ta sa hannu a takardar tiyata ba sai da yardar miji, wani lokacin ma maganar uwar miji ce ke yanke hukunci. Dole ya san cewa "da sauƙi" a bakin Bahaushe ba kullum take nufin an samu sauƙi ba. Akwai kuma abin da kunya ba za ta bar matar aure ta faɗa wa namiji ba, don haka muna buƙatar 'yan mata su shigo fannin da yawa.

Yawancin littattafan da muke koyarwa da su an rubuta su ne domin ƙasashen da gwamnati ke ɗaukar nauyin marasa galihu. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su bayyana wa juna cuta da Hausar da tsohuwa daga ƙauye za ta gane, su kuma koyi riƙe sirri kafin su koyi cike takarda. Shawarata ga hukumomin jami'o'i ita ce kada a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya yi watanni a ɗakin majinyata a ƙarƙashin ƙwararre. Wanda kuma ke sha'awar koyarwa, ya fara yin shekaru a asibiti kafin ya nemi digiri na biyu da na uku, domin ɗalibai na saurin gane malamin da bai taɓa zama da uwar da aka ce ɗanta ba zai tashi ba.

Ga ɗalibin da ke tunanin wannan hanya, ba zan ɓoye masa ba: albashin ba na tara dukiya ba ne, nauyin kuma yakan bi mutum har gida. Amma akwai guraben aiki a asibitocin koyarwa, da na ƙwararru, da ƙungiyoyin agaji. Ga Gwamnatin Kaduna da maƙwabtanta kuwa, kirana shi ne a ware gurbin jami'in walwala mai horo a kowane babban asibiti, a kuma daina cike gurbin da duk wanda aka rasa inda za a kai shi. Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya sa mu dace.